Tuwon Masara Ba Ya Tafiya Shi Kaɗai

Yau a gindin murhu za mu yi hirarmu, domin magana ce a kan abin da muke tuƙawa kullum, wato tuwon masara, da kuma wani ɗan sinadari da jiki yake nema a cikin abinci wanda masara ba ta da shi da yawa. Sunansa tiriftofan. Sunan baƙo ne a kunne, amma kada ya tsorata ki. Kafin mu rabu za ki ga ashe abin yana nan cikin ɗakinki, wataƙila ma a cikin farantin sana'ar da kika fitar da safen nan.

Mu faro daga tushe. Kin sha jin ma'aikatan asibiti suna cewa a riƙa cin abinci mai gina jiki. Abin da suke nufi shi ne furotin, wanda da shi jiki yake gina tsoka da fata da gashi da jini, da shi kuma ɗan da ke ciki yake girma. To shi furotin ɗin nan ba dunƙulallen abu ɗaya ba ne. Wasu ƙananan sinadarai ne iri 20 ake harhaɗawa, ana ce musu amino asid. Ki ɗauke su kamar zaren ɗinkin hula, kowane da kalarsa da inda yake shiga. Iri 11 daga ciki jiki yana iya haɗa su da kansa. Sauran 9 kuwa sai dai a ci su a abinci, babu wata hanya. Tiriftofan yana cikin waɗannan 9, kuma duk cikinsu shi ne wanda ake samu kaɗan-kaɗan a abinci. Ke da kike ɗinki kin san in kala ɗaya ta ƙare, ko sauran zaren sun cika kwando, hula ta tsaya ke nan. Haka jiki yake. Wasu masana biyu a Ingila, Frederick Hopkins da Sydney Cole, su ne suka fara ware wannan sinadari a shekarar 1901, kuma daga cikin madara suka fitar da shi.

Aiki uku yake yi mana. Na farko shi ne wanda na faɗa, ginin jiki. Na biyu, hanta tana juya wani sashe nasa ya zama bitamin B3, wanda ake kira niyasin. Wannan bitamin shi ne yake taimaka wa jiki ya mayar da abin da aka ci ya zama ƙarfi, kuma fata da hanji da ƙwaƙwalwa su ne suka fi jin jiki in ya yi ƙaranci. Sai dai juyin yana da tsada: sai an kashe wajen miligiram 60 na tiriftofan kafin a samu miligiram 1 tak na niyasin.

Aiki na uku ya shafi zuciya da barci. Daga tiriftofan jiki yake yin wani sinadari mai suna serotonin. Kusan kashi 90 cikin 100 nasa a hanji ake yin sa, inda yake taimakawa wajen tafiyar da abinci. Ɗan ragowar da ake yi a ƙwaƙwalwa yana da hannu a cikin natsuwar rai da sha'awar abinci. In dare ya yi, duhu ya shiga, sai ƙwaƙwalwa ta juya serotonin ya zama melatonin, wanda shi ne yake sanar da jiki cewa lokacin kwanciya ya yi. Haske mai ƙarfi da dare, har da na wayar hannu, yana rage fitowarsa. Ki lura da wannan in kina cikin masu kwanciya da waya a fuska.

Nawa ake bukata a rana? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta miligiram 4 ga kowane kilo ɗaya na nauyin babban mutum. Ke nan macen da nauyinta ya kai kilo 60 tana bukatar wajen miligiram 240. Ƙwai ɗaya yana da kimanin 80. Kofi ɗaya na madara ko kindirmo yana da wajen 100. Ɓararriyar gyaɗa giram 100, wato abin da ya kusa cika gwangwanin madara, tana da wajen 250. Ɗanyen wake mai wannan nauyi ya ɗan ɗara haka, riɗi ya haura 300, waken suya kuwa ya haura 500. Amma masara giram 100 ba ta wuce 70. Dawa da gero sun fi ta, kusan ninki biyu. Garin rogo kuwa kusan babu abin da za a ƙirga a ciki.

Matsalar masara biyu ce a haɗe. Ga ƙarancin tiriftofan, ga shi kuma niyasin ɗin da ke cikinta a ɗaure yake, hanji ba ya iya kwance yawancinsa, sai ya wuce kamar ba a ci ba. Bari mu yi lissafi irin na adashi. Mace tana bukatar niyasin miligiram 14 a rana, mai ciki 18, mai shayarwa 17. A ce mace ta ci tuwon garin masara rabin kilo a yini, abin da ba kowa ce za ta iya ba. Tiriftofan ɗin da ke ciki bai fi 350 ba. Ko da hanta ta juya shi kaf, ba a bar ko ɗigo don ginin jiki ba, niyasin ɗin da zai fito bai kai miligiram 6 ba. Kin ga ciki ya cika, amma jiki yana bin bashi. In aka daɗe a haka wata da watanni sai wata cuta ta ɓullo, wadda likitoci suke kira felagra. Kalmar daga harshen Italiya take, ma'anarta kaushin fata.

Akwai darasi a tarihin wannan cuta. Asalin masara daga ƙasar Meziko take. Mutanen can sun yi dubban shekaru suna ci, ba su san wannan ciwo ba, domin matansu suna dafa tsabar a cikin ruwan toka ko na farar ƙasa, su bar ta ta kwana a jiƙe, su wanke, sannan su niƙa. Wannan dahuwa ita ce take kwance niyasin ɗin. Ban da haka da wake suke cin ta. Da Turawa suka ɗauko irin suka kai ƙasashensu, sai suka baro dabarar a can. A shekarar 1735 wani likita a Sifen, Gaspar Casal, ya bayyana cutar a jikin talakawa masu rayuwa a kan masara. A kudancin Amurka, tsakanin 1906 da 1940, mutum wajen miliyan 3 suka kamu, kimanin 100,000 suka mutu. An daɗe ana zaton ɗaukar ta ake yi kamar ƙyanda. A 1914 gwamnatin Amurka ta tura wani likita, Joseph Goldberger, ya bincika. Ya lura cewa a gidajen marayu yara suna ta kamuwa, amma ma'aikatan da suke cuɗanya da su dare da rana lafiyarsu ƙalau. Bambancin yana cikin kwano. Da aka ƙara wa yaran madara da ƙwai da nama da wake, sai cutar ta ɓace.

Kada ki ce wannan labarin da ne, ko na nesa. A nan Afirka, a shekarar 1990, an yi ɓarkewar felagra a ƙasar Malawi a tsakanin 'yan gudun hijirar da yaƙi ya koro daga Mozambik. Garin masara shi ne babban abin da ake raba musu, tare da 'yar gyaɗa. Da gyaɗar ta yanke na wasu watanni, mutum kusan 18,000 suka kamu, kuma mata sun fi maza yawa nesa ba kusa ba. Ki riƙe waɗannan abubuwa biyu: gyaɗa ce ta yanke, kuma mata ne suka fi jin jiki.

To mu dawo gida. Tambayi kakarki, za ta gaya miki cewa a da tuwon dawa da na gero aka sani. Masara a bayan gida ake shuka ta, a gasa a ci kafin sabon hatsi ya shigo. Tun daga shekarun 1970, da zuwan takin zamani da sababbin iri da ayyukan bunƙasa noma irin na Funtuwa da Gusau da Gombe, masara ta bazu, har ta zama ita ce tuwon gidaje da yawa. Ba laifi ba ne. Masara tana da albarka a gona, tana da daɗin tuƙi, tana ƙosarwa. Abin da ya daɗe yana kare mu shi ne mahaɗin da iyayenmu suka saba da shi: daddawa a miya, gyaɗa a taushe, ƙuli a kwaɗo, nono a fura, wake a cikin shinkafa. Hatsarin yana zuwa ne a lokacin da abubuwa suka yi tsada, cefane ya ragu, miya ta koma kuka da gishiri da ɗan dunƙule, a ci tuwo da dare, a yi ɗumame da safe, a sha kokon masara da rana. Shi ɗan dunƙulen nan ɗanɗano yake bayarwa kawai, ba ya maye gurbin daddawa wajen gina jiki. Haka kuma garin da aka surfa aka cire masa komai don tuwo ya yi fari tas, ya rasa idon tsabar, alhali a nan ne furotin mafi kyau na masara yake. Yadda tuwonki ya ƙara fari, haka yake ƙara bukatar miya mai kauri.

Yaya ake gane cutar? Wuri uku take kamawa. Na ɗaya fata: inda rana take duka, kamar bayan hannu da saman ƙafa da fuska da kewayen wuya, sai ya yi kamar ƙuna, daga baya ya yi baƙi ƙirin, ya yi kaushi, ya riƙa tsagewa yana saɓa. Yawanci dama da hagu take kamawa daidai wa daida, na wuya kuma yakan zagaye kamar sarƙa. Na biyu ciki: harshe ya yi ja yana zafi, baki ya yi gyambo, abinci ya fita a rai, ga gudawa da ba ta jin magani. Na uku ƙwaƙwalwa: kasala, rashin barci, saurin fushi, baƙin ciki ba dalili, mantuwa, in abin ya yi nisa har da ruɗewa da sambatu. In aka bar ta tana kisa.

A nan ina son ki saurara da kyau, domin ya shafe mu musamman. Ita alamar fata rana ce take fito da ita. Macen da take zaune a cikin gida, wadda in za ta fita jikinta a rufe yake, tana iya kamuwa ba tare da fatarta ta nuna sosai ba. Sai dai a ga tana ramewa, tana fama da baki da gudawa, halinta ya canza. A irin wannan hali ne ake saurin cewa iska ce, ko an yi mata sammu, ko kishi ne yake cin ta, a yi ta ɓata lokaci. In kin ga waɗannan alamu a jikinki, ko na abokiyar zamanki, ko surukarki tsohuwa, a sanar da maigida a je asibiti, kuma a gaya wa likita gaskiyar abin da ake ci a gida, ba tare da jin kunya ba. Maganin ƙwayar bitamin ce mai araha. Gudawa da ruɗewa sukan fara sauƙi cikin 'yan kwanaki, fata kuma ta biyo baya cikin makonni. Ba a ɗaukar cutar, don haka babu dalilin ware wa mai ita kwano ko tabarma.

Waɗanda ya kamata a fi sa wa ido su ne mai ciki, da mai shayarwa, da yaron da aka yaye, da tsofaffi, da wanda ya daɗe yana gudawa. Sai kuma mai shan maganin tarin fuka, domin ɗaya daga cikin ƙwayoyin, isoniyazid, yana tare hanyar da jiki yake bi ya juya tiriftofan zuwa niyasin. Wannan ba dalilin daina shan magani ba ne ko na rana ɗaya. A ci gaba da sha yadda aka tsara, a inganta abinci, in an ga wata alama a koma wa ma'aikatan da suke ba da maganin.

Yanzu me za ki yi a tukunyarki? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙa'idar guda ce: kada hatsi ya shiga ciki shi kaɗai. In tuwon masara ne, miyar ta samu gyaɗa ko wake ko agushi ko riɗi ko ɗan busasshen kifi da aka daka, da daddawa ta gaske. In dambu ne, a zuba zogale da dakakken ƙuli. In fate ne, a jefa wake. In koko ne, a haɗa da ƙosai, ko a dama kunun gyaɗa. In an samu nono a sha fura. In za ki kai niƙa, ki soya waken suya sama-sama, ki ɓarza ki fece ɓawon, ki zuba mudu 1 a cikin mudu 4 na masara, a niƙa tare. In akwai hali a riƙa sirkawa da dawa ko gero, ba masara kullum ba. Gyaɗa ta fi kowa amfani a wannan fage, domin ban da tiriftofan tana ɗauke da niyasin mai yawa wanda ba a ɗaure yake ba. Sai dai ki tsince wadda ta yi fumfuna ko ta yi ɗaci ki zubar, domin tana da dafin da ke lalata hanta. Shi ma ƙuli, kada ki raina shi don an matse mai. Man ne ya fita, furotin ɗin yana nan.

Wata za ta ce, tun da toka ce ta ceci mutanen Meziko, bari in ƙara kanwa a tuwo. A'a, 'yar'uwa. Tasu dabarar dahuwar tsaba ce da jiƙo da wanki, ba barbaɗa kanwa a tukunya ba. Yawan kanwa yana kashe wasu bitamin ɗin, kuma tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shan kunun kanwa da ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Ki tsaya a kan mahaɗi, shi ne hanyar da ba ta da hatsari.

Game da yara, nonon uwa yana da wadataccen tiriftofan, kuma shi kaɗai ya ishi jariri har wata 6. Daga nan in za a fara ba shi kunu, kada ya zama tsararon kamu da sukari. A sa masa niƙaƙƙiyar gyaɗa ko garin waken suya, a ba shi dafaffen ƙwai da alala mai laushi, ana ci gaba da shayarwa. Zancen wai yaron da ya saba da ƙwai zai yi sata camfi ne kawai. Abin da ƙwai yake sa yaro shi ne girma.

Akwai kuma maganar da za ki iya kai wa maigida in yana noma. Masana a wata cibiyar binciken masara da alkama da ke Meziko, cikinsu har da wata mace, Evangelina Villegas, sun samar da masara mai kusan ninki biyu na tiriftofan. Ita da abokin aikinta Surinder Vasal sun samu babbar kyautar abinci ta duniya a kan wannan aiki a shekarar 2000. A Gana an fitar da irin wannan masara a 1992 da sunan Obatanpa, wato uwa mai kyakkyawan reno a harshen mutanen can. A Nijeriya cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, Zariya, ta fitar da ita da sunan SAMMAZ 14. Ya tambayi malamin gona. Amma ko da ita ce a rumbu, miya dai sai da mahaɗi.

Gargaɗi ɗaya kafin mu rufe. Za ki iya cin karo da masu tallar ƙwayoyin tiriftofan a waya ko a kanti, ana cewa suna kawo barci, suna yaye damuwa. Kada ki saya da kanki. A 1989 a Amurka mutum fiye da 1,500 suka kamu da wani mugun ciwon tsoka bayan sun sha irin waɗannan ƙwayoyi, wasu gommai suka mutu, aka kuma bi sawun abin har zuwa kayan wani kamfani guda. Ga wadda take shan maganin ciwon damuwa na asibiti kuwa, haɗa shi da waɗannan ƙwayoyi yana iya zama hatsari babba. Wanda ke cikin abinci ba ya yin wannan illa. Haka nan kuma abinci ba ya maye gurbin likita. In baƙin ciki ya zauna miki makonni, musamman bayan haihuwa, kin kasa barci, kin kasa jin daɗin komai, wannan ciwo ne mai magani, kuma cin gyaɗa kaɗai ba zai warkar da shi ba. Ki faɗa, a kai ki.

Magana ta ƙarshe taki ce ke kanki. A gidaje da yawa uwargida ita ce mai dahuwa, ita ce mai rabo, ita ce kuma ta ƙarshen ci. Tsokar nama ta tafi kwanon maigida, yara sun lashe miya, ita ta tashi da ƙanzo. Ga shi kuma ita ce mai soya awarar da unguwa take ci, ita ce mai murza ƙuli, kajinta ne suke yin ƙwan da ake kai wa mai shayi. Riba halal ce, kuma kowa ya san inda kuɗin suke tafiya, sabulu ne, biki ne, kayan ɗakin 'ya ne. Amma da ruwan ciki ake jan na rijiya. Kafin faranti ya fita, ki cire awara uku ko huɗu ki ajiye wa kanki. In kin murza ƙuli, ki ware na miyar gida tun kafin ki ƙirga na sayarwa. A cikin ƙwai biyar, ɗaya ya shiga tukunyarki. In kina da ciki ko goyo ki ninka. Wannan ba kwaɗayi ba ne, domin ranar da kika kwanta, da sana'ar da gidan duka tsayawa za su yi.